Me ya sa hoton tsohon kwabo ke fitowa dishi-dishi, kuma yaya za a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wani gwangwani cike da tsofaffin kuɗin ƙarfe daga wurin mahaifina. Akwai kwabbai masu huji, da aninai, da sulallan zamanin Turawa, da wata babbar azurfa mai hoton mace da aka rubuta wa 1780. Ina so in ɗauke su hoto mai kyau don ajiya, in kuma nuna wa masana. Kyamarata Canon ce, da lens 18-55 da ta zo da shi. Duk hoton da na ɗauka dishi-dishi yake fitowa, in na kunna filasha kuma sai kuɗin ya yi fari fat, ko rubutun ba a gani. Sabuwar kyamara zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Kyamarar da ke hannunka ta isa wannan aiki har da rara. Abin da ke ɓata maka hoto yadda kake riƙe ta ne, da nisan da kake ba ta, da inda haske ke fitowa, kuma sabuwar kyamara ba za ta gyara ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Bari in nuna maka da lissafi, don hankalinka ya kwanta. Sensar da ke cikin irin kyamararka, wato ɗan allon da hoto ke sauka a kai, tsawonta milimita 22 ne da ɗan kai, faɗinta kusan 15. Lens ɗin 18-55, idan ka zuƙo shi zuwa 55 ka matso iyakar inda yake yarda, yana sauke abu a kan sensa da kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa na gaskiya. Ke nan gajeren ɓangaren hoton zai ɗauki fili mai kusan milimita 44. Kwabo mai huji na zamanin Turawa faɗinsa ya ɗan haura milimita 30, saboda haka zai cika wajen kashi bakwai cikin goma na tsayin hoton. Idan kyamarar mai megafiksel 24 ce, kwabon shi kaɗai zai samu fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, kusan 2,800 daga baki zuwa baki. Wannan ya isa a buga shi a takarda babba a karanta kowane harafi. Azurfarka mai kusan milimita 40 kuwa sai ta kusa cika hoton.

To me ya sa ba ka samun haka? Abu na farko da nake zargi shi ne kana matsowa fiye da kima. Kowane lens yana da nisan da in an gaza shi ba ya iya fokas, ko ka yi ta murɗawa har gobe. Na 18-55 santimita 25 ne a yawancinsu, kuma an rubuta a jikinsa: za ka ga 0.25m. Ba daga bakin lens ake aunawa ba. Duba saman kyamarar, akwai wata 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta. Nan sensa take, daga nan ake fara awo. In ka auna daidai za ka ga tsakanin bakin lens da kwabon bai wuce santimita 12 ba. Mutane da yawa gani suke ƙara matsowa shi ne ƙara fito da abu, sai su kai lens har ya kusa taɓa kuɗin. Ja da baya kaɗan. Gara kwabon ya fito ƙarami amma garau, daga baya ka yanke gefen hoton.

Na biyu motsi, kuma shi ne babban mai laifi. A wannan kusanci, idan kyamara ta gusa da kaurin gashin kai ɗaya tak lokacin da shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ke buɗe, wajen fiksel shida ne suka goge cikin juna. Ba hannun da ke tsayawa cik haka, balle a cikin ɗaki inda haske ke da ƙaranci, kyamara na barin shota a buɗe tsawon lokaci. Saboda haka daga yau ka daina ɗaukar hoton kuɗi da kyamara a hannu. Wannan ba shawara ce ta in ka ga dama ba. Duk abin da zan faɗa a gaba a kanta ya dogara.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne kuɗin ya kwanta a kan tebur ko a ƙasa, kyamara ta dube shi daga sama tsaye. In kana da ƙafar kyamara mai ƙafa uku, duba ko sandar tsakiyarta tana juyuwa kai ƙasa, da yawa suna yi. Sai ka rataye kyamarar a tsakanin ƙafafun tana kallon ƙasa. In ba ka da ita, kafinta zai haɗa maka abin da ya fi ta: katako mai nauyi a ƙasa, ginshiƙi ɗaya a tsaye, da ɗan hannu mai huji inda za a ɗaure kyamara da noti irin na gindinta, wanda kaurinsa rubu'in inci ne. Ka ce masa ya sa katako mai kauri, kada ya yi maka tsimi. Nauyi ake nema a nan, ba kyau ba. Nisa kuma ba sai ka riƙa ɗaga kyamara kana saukewa ba. Ka bar ta inda take, ka riƙa ɗaga kuɗin da littattafai ko guntayen kwali.

Ko bayan an ɗaure kyamara akwai ƙananan girgiza da ke saura. Yatsanka da ke danna maɓalli yana motsa ta, don haka ka sa taima na daƙiƙa biyu, ka danna, ka janye hannu. Madubin da ke cikin kyamarar yana bugawa sama a duk ɗauka, maganinsa ka riƙa aiki da allon baya maimakon leƙawa ta ƙaramar taga, domin a lokacin madubin ya riga ya ɗaga. Maɓallin hana girgiza da ke jikin lens, wanda Canon ke rubuta wa IS, Nikon kuma VR, kashe shi muddin kyamara na ɗaure. In lens yana zamewa ƙasa da kansa saboda kallon ƙasa da yake yi, manne zoben zum ɗin da salatif. Ka kuma lura da ɗakin: fanka na kaɗawa, ko janareta na ruri a jikin bango ɗaya da teburinka, ko yara na guje-guje. Daɓen siminti ya fi tebur mai rawa.

Sai daidaito tsakanin fuskar kuɗin da sensa. A nan ne hoto ke fitowa rabi garau rabi dishi-dishi, mutum ya rasa dalili. Kusa-kusa haka, kaurin wurin da ke fitowa sarai siriri ne ƙwarai. In ƙofar hasken lens tana kan f/8, abu kuma na sauka a kan sensa da rabin girmansa, kaurin bai fi milimita 2 ba, in kuwa da cikakken girmansa yake sauka bai kai milimita ɗaya ba. Kwabo mai faɗin milimita 31 da ya karkace da digiri 5 kacal, tsakanin bakinsa ɗaya da ɗayan akwai bambancin nisa kusan milimita 3. Ka ga ya riga ya fita daga iyaka, alhali ido ba zai ma ga karkacewar ba. Dabarar da ake yi ita ce ka ɗora ƙaramin madubi daidai inda kuɗin zai kwanta, ka dubi allon kyamara. Za ka ga lens yana kallon kansa. Ka yi ta gyara kyamarar har zagayen lens ɗin ya zauna a tsakiyar hoton daram. In ya zauna, sensa da tebur sun yi daidai. Ɗaure notin, cire madubin, sa kuɗin.

Saitin kyamara ba shi da yawa. Juya ta zuwa M, wato inda kai ke saita komai da hannu. ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, ka bar shi a 100, tunda kyamara ba ta motsi ba ruwanka da tsawon lokacin shota, ko daƙiƙa guda ce. Ƙofar haske ka sa f/8. Za ka ji wasu na cewa a ƙuntata ta zuwa f/22 don komai ya shiga fokas. Gaskiya ne kaurin wurin yana ƙaruwa, amma haske in ya bi ta ƙaramar kafa yana bazuwa, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, ƙananan layuka su narke. Tsakanin f/5.6 da f/11 nan ne lens irin naka ya fi kaifi, kuma kuɗin da aka kwantar daidai ba ya bukatar fiye da haka. Dalilin barin kyamara a M kuwa, in ka bar ta ta auna haske da kanta, baƙin yadin da ke bayan kuɗin zai ruɗe ta, ta ɗauka duhu ne, ta ƙara haske har kuɗin ya ƙone. Kai za ka riƙa sauya lokacin shota kana dubawa. Kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da haske ya yi wa yawa ya riƙa ƙiftawa a allo. Wurin da ya ƙone ya zama fari fat ba ya dawowa a kwamfuta, wanda ya ɗan yi duhu kuwa ana iya ɗago shi. Don haka in za ka kuskure, kuskure ta wajen duhu.

Fokas ma da hannu za ka yi. Mayar da maɓallin lens daga AF zuwa MF, ka faɗaɗa hoton a allo sau goma, ka nufi haruffa ko shekarar da ke jikin kuɗin, ka murɗa a hankali har bakin harafin ya tsaya ras. Fokas na kai-tsaye yana ruɗewa da ƙarfe mai ƙyalli, wani lokaci ma ya bi ta hujin kwabon ya kama abin da ke ƙasa.

Duk wannan da na faɗa, sau ɗaya ake yin sa a gama. Abin da za ka yi ta fama da shi daga kuɗi zuwa kuɗi shi ne haske, kuma kaso mai yawa na abin da mutane ke kira rashin kaifin hoto a gaskiya rashin inuwa ne. Rubutu da zanen da ke jikin kwabo ba su da launi daban da filin da suke kai. Ƙarfe ɗaya ne, wani wuri ya ɗan taso, wani ya kwanta. Abin da ke raba su a ido shi ne wani gefen harafi ya haska, ɗaya gefen ya yi inuwa. Ka tuna sawun ƙafa a rairayi: da tsakar rana ba ka cika ganinsa ba, amma da hantsi ko la'asar sakaliya, rana na gefe, har yatsu kana ƙirgawa. Filashar da ke kan kyamara tana watsa haske mai ƙarfi daga wuri ƙarami dab da lens, ƙarfen ya maido shi kai-tsaye, ga shi kuma lens ɗin kansa yana tare wani ɓangare ya jefa inuwarsa a kan kuɗin. Shi ya sa ka ga fari fat. Rufe ta, ba za ka sake bukatarta ba.

Samo fitilun tebur biyu masu wuyan da ke lanƙwasuwa, da ƙwai iri ɗaya a cikinsu. Kashe fitilar ɗaki, ka saki labule. Fara da guda ɗaya tukuna, domin da ɗaya ne za ka fahimci abin da ke faruwa. Ka ɗauki kuɗin a matsayin fuskar agogo, ka ajiye fitilar a wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, a sama, kusa da lens gwargwadon yadda za ta shiga ba tare da kyamara ta tare ta ba. Yanzu ka riƙa sauke ta a hankali zuwa gefe kana kallon allo. Tana sama, filin kuɗin zai yi haske, bakin haruffa ya yi duhu, launin ƙarfen ya fito. Tana sauka, filin zai riƙa duhu, bakin haruffa ya riƙa walƙiya, kowane ƙarce da kowane rami ya bayyana. Ba wanda ya fi wani a cikinsu, kowanne da inda ake so. Sulen da bai sha hannu ba, mai sauran sheƙinsa, haske daga sama yake so. Kwabon da ya sha yawo har shekararsa ta kusa shafewa, sai ka kwantar da fitilar ta kusa daidai da tebur, hasken ya shafi fuskarsa a gicciye. Sau da yawa lambar da ido ya kasa karantawa a nan take fitowa.

In ka ga ɗaya gefen ya yi duhu da yawa, kafin ka kunna fitila ta biyu gwada farar takarda. Naɗe ta ta tsaya a wajen ƙarfe huɗu ko biyar, ta maido ɗan haske. Ni na fi son wannan a kan fitila biyu a mafi yawan tsofaffin kuɗi, saboda fitila biyu masu ƙarfi ɗaya kowace tana cinye inuwar da ɗayar ta yi, sai hoton ya fito a shafe. In za ka sa ta biyu, wajen ƙarfe biyu ake ajiye ta, kuma ka ɗan ja ta baya ta fi ta farko rauni.

Akwai wani abu da ya kamata ka kiyaye: haske ya fito daga saman hoton, ba daga ƙasa ba. Ƙwaƙwalwarmu ta saba haske daga sama yake zuwa, in ka haska kuɗi daga wajen ƙarfe shida sai mai kallo ya ga haruffan kamar sun lotsa ciki alhali tasowa suka yi. Kuɗin da ke da hoton mutum kuma ka haska shi ta inda fuskar ke kallo. Sarki George na biyar da na shida hagu suke kallo a jikin sulalla, Sarauniya Elizabeth dama, matar da ke jikin azurfarka ita ma dama. In ka haska ta ƙeya, fuskar za ta faɗa cikin inuwa.

Ƙyalli in ya yi tsanani, sa farar takarda marar kauri ko farin ƙyalle tsakanin fitila da kuɗin, kusa da kuɗin ba kusa da ƙwan ba. Hakan na faɗaɗa inda hasken ke fitowa, ɗigon nan mai kashe ido ya baje. Amma kada ka wuce gona da iri. Masu sayar da kaya a intanet suna da wani farin akwatin yadi da ake sa abu a ciki a haska ta ko'ina. Yana da kyau ga agogo da takalmi, amma kuɗin ƙarfe a cikinsa fitowa yake kamar an yi shi da roba, ba sheƙi ba inuwa.

Kuɗin da ke da santsi sosai, irin Naira ɗaya da Naira biyu masu ƙarfe biyu da aka fitar a 2007, suna da tasu matsalar: filinsu yana nuna baƙin lens ɗin da ke kallonsu, sai tsakiya ta yi duhu. Hanya mai sauƙi ita ce ka huda farin kwali daidai bakin lens ka zura, ka haska kwalin, kuɗin ya riƙa nuna fari maimakon baƙi. Hanya ta biyu ta fi kyau amma tana son haƙuri. Cire gilashin firam ɗin hoto ka goge shi tas, ka jingina shi a karkace da digiri 45 tsakanin lens da kuɗin. Haska gilashin daga gefe, fitila a kwance tana kallonsa. Wani ɓangare na hasken zai karyo ƙasa ya sauka a kan kuɗin tsaye, ya dawo ta cikin gilashin zuwa lens. Ka sa baƙin kwali a ɗaya gefen ya shanye hasken da ya wuce, ka kuma kare kuɗin daga hasken fitilar na kai-tsaye. Hasken da ke isa kaɗan ne, shota za ta daɗe a buɗe, amma filin zai fito da haske bai-ɗaya, haruffa da baƙin layi kewaye da su.

Wutar lantarkinmu tana kai-kawo sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙwai masu araha suna ƙiftawa tare da ita ko da ido bai gani. In shota ta yi sauri za ka ga ratsi-ratsi a hoton, ko hotuna biyu a jere su sha bamban a haske. Ka bar shota a 1/50 ko abin da ya fi haka jinkiri. In babu wuta, hasken taga a inuwa yana aiki sosai, muddin rana ba ta faɗo kan kuɗin kai-tsaye ba. Abin da ba a yi shi ne haɗa taga da fitila, domin launinsu daban ne, gefe ɗaya zai yi shuɗi ɗayan ya yi rawaya, kuma ba saitin da zai gyara duka biyun.

Launi a wannan aiki shaida ne, ba ado ba. Sulallan Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne, daga 1920 aka koma wani ƙarfe mai ruwan rawaya, kuma shekarar 1920 ɗin kanta akwai na azurfa akwai na rawaya. Kwabo mai huji fari ne tun farkonsa, sai a 1952 ya koma ja na tagulla. Masanin da za ka aika wa hoto da launin zai fara yanke hukunci, in fitilarka ta mayar da azurfa rawaya ka ɓatar da shi. Ka ɗauki hoton farar takarda a ƙarƙashin fitilar da za ka yi aiki da ita, ka shiga saitin daidaita fari ka ce wa kyamara wannan shi ne fari. In kana ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, hoton takardar nan ɗaya ya isa ka gyara sauran duka a kwamfuta.

Bayan kuɗin ka sa abu marar zane marar ƙyalli, baƙin karammiski ko kwali mai ruwan toka. Kada kuɗin ya kwanta a kai kai-tsaye. Ɗaga shi da santimita biyu ko uku a kan wani abu da ya fi shi ƙanƙanta, sai zaren yadin ya fita daga fokas, inuwa kuma ta faɗi nesa. Masu huji sai an yi musu dabara, don duk abin da ka ɗora su a kai zai leƙo ta hujin. Ɗora su a bakin murfin kwalba da ka juya ka shafa wa cikinsa baƙi, ko a kan gilashi mai tsabta da ka ɗaga da littattafai biyu, yadin yana can ƙasa.

Azurfar nan taka, bisa yadda ka kwatanta, dalar Sarauniya Maria Theresa ce ta ƙasar Austiriya, wadda fatake suka daɗe suna shigo da ita ƙasar Hausa da Barno. Kada 1780 ɗin ta sa ka ɗauka shekarunta ke nan. Shekarar da sarauniyar ta rasu ce, kuma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ɗaya har zamaninmu, a Viyana da Landan da Faris da Rum da Bombay da wasu wurare. Masana da ƙananan alamomi suke rarrabe su, don haka ita hoto biyu ba su isa ba. Bayan gaba da baya, ka matso ka ɗauki haruffan S.F. da ke ƙasan hoton matar, da ɗan adon da ke maƙale a kafaɗarta, da alamar X da ke bayan shekarar. Bakinta ma akwai rubutu da ya taso. Tsayar da ita tsakanin guntayen soso biyu ka ɗauka, ka juya, ka sake ɗauka har ka zagaye. Ka kuma auna ta a ma'aunin masu sayar da zinariya: cikakkiya giram 28 ce da ɗan ɗigo, wadda ta sha hannu za ta ɗan gaza.

A cikin kwabbai da aninai ma akwai abin dubawa. In ka samu anini mai shekarar 1907 marar nauyi ko kaɗan, na alminiyom ne, daga cikin kuɗin alminiyom na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Masu 1936 wasu suna ɗauke da sunan Sarki Edward na takwas, wanda bai cika shekara a kan mulki ba. Akwai kuma ƙananan haruffa, H ko KN, da ke nuna masana'antar Birmingham da ta buga kuɗin, kuma sau da yawa su ke bambanta wanda ake samu ko'ina da wanda ke da wuya. Irin waɗannan haruffa su ne kaɗai wurin da lens ɗinka zai fara gazawa.

In ka kai nan, to sai a yi maganar saye. Mafi araha su ne zobban ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da lens. Ba gilashi a cikinsu, nisanta lens kawai suke daga sensa. Zobe mai milimita 25 a kan lens mai 50 yana ƙara rabin girma a kan abin da lens ke bayarwa. Ka tabbata ka sayi masu ƙananan filoli na lantarki a ciki, in ba haka ba ba za ka iya sauya ƙofar haske ba, tunda lens ɗinka ba shi da zoben yin hakan da hannu. Gilasan da ake murɗawa a bakin lens, masu araha cikinsu suna ɓata gefen hoto da ratsin launi, ban ba ka shawararsu ba. In aikin ya zama sana'a, lens na makro, wato wanda aka yi don ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, mai milimita 90 zuwa 105 shi ne abin nema, na Canon ko Tamron ko Sigma, ko na hannu ne in yana da lafiya. Fifikonsa a kan gajere ba kaifi ba ne, fili ne: yana barin tazara tsakaninsa da kuɗin da za ka shigar da fitila ta sama. Akwai kuma haɗa hotuna da yawa masu fokas daban-daban su zama ɗaya da manhaja irin Helicon Focus, amma wannan na kuɗi masu tudu sosai ne, naka ba sa bukata.

Kafin kowane ɗauka ka hure ƙura da ɗan famfon roba irin na goge kyamara, musamman lokacin hunturu, don ƙurar da ba ka gani a hoto za ta fito ɓaro-ɓaro. Kada ka hura da baki. Riƙe kuɗin ta baki-baki, kada yatsa ya hau fuskarsa. Kuma don Allah kada ka wanke su. Toka, lemun tsami, soson ƙarfe, man goge tagulla, duk suna barin ƙananan ƙarce da kyamara za ta nuna, suna kuma cire duhun da shekaru suka sa wa ƙarfen, wanda masu tara kuɗi ke daraja shi. Kuɗin da aka goge farashinsa faɗuwa yake, kuma ba ya komawa yadda yake.

A kwamfuta aikin kaɗan ne: miƙe hoton, yanke gefe, daidaita fari, ƙara kaifi ɗan kaɗan. In ka ga farin layi ya fara kewaye haruffa, kaifin ya yi yawa. Manhajar Digital Photo Professional ta Canon kyauta ce ga mai kyamararsu, RawTherapee ma kyauta ce. Ƙarce ko lotsawa da ke jikin kuɗin ka bar su yadda suke, musamman in sayarwa za ka yi. Ka ɗauki gaba da baya ba tare da ka taɓa kyamara ko fitila ba, don girmansu da launinsu su zo ɗaya, ka ƙara hoto ɗaya da rula a gefe, ka sa wa fayil suna da shekara da irin kuɗin.

Wajen aikawa kuma, WhatsApp da Facebook suna matse hoto su rage girmansa, sai H ɗin da ka sha wahalar fito da shi ya koma ɗigo. A WhatsApp ka aika shi a matsayin fayil, ta wajen da ake tura takardu, zai isa yadda ka ɗauke shi.